DARASI DAGA AKURKI: AIKIN GIDA DA KIWON KAJI A ƘOFAR RUWA

Gabatarwa

'Yan'uwa ɗalibai, malamai, da iyayenmu na ikilisiya, kowace shekara idan hunturu ya kama akwai wata asara da takan shiga gidaje da yawa a Kano, ba a kuwa buga labarinta a jarida. Uwa ta yi wata shida tana tattalin kajinta, tana lissafin wadda za a yanka ranar Kirsimeti da waɗanda za a sayar a cika kuɗin makaranta na watan Janairu. Sai a wayi gari, cikin mako guda akurki ya zama kango. Akan ce iska ce ta shigo, a ba juna haƙuri, a sake sayen waɗansu, baɗi kuma a maimaita.

Manufar wannan darasi ita ce a nuna cewa yawancin wannan asara ana iya hana ta, kuma hannun da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne hannun ɗan makaranta, wanda ya iya karatu da lissafi, ya kuma san abin da ake kira ƙwayar cuta. Za mu ɗauki gidajen Ƙofar Ruwa a matsayin misali, gama duk abin da ya yiwu a matsattsen gida na cikin birni zai fi sauƙi a Sabon Gari ko a ƙauye.

1. Wurin da muke nazari

Ƙofar Ruwa ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar Kano, tana ɓangaren arewa, a Ƙaramar Hukumar Dala. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara ginin ganuwar, sarakunan da suka biyo baya suka faɗaɗa ta, cikinsu har da Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Magabata ba gidaje kaɗai suka kewaye ba, sun haɗa da gonaki da makiyaya, domin ko an yi wa birni ƙawanya a sami abin ci. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar da fili mai yawa a cikin ganuwa wanda ba a gine ba. Ke nan noma da kiwo a cikin birni tsohuwar al'ada ce.

A yau gine-gine sun cinye filin. An fi sanin Ƙofar Ruwa da babbar kasuwarta ta ƙarafa da kayan gini da kayan gyaran mota, da kuma Asibitin Ƙashi na Dala da ke kusa. Amma wanda ya bar titi ya shiga lungu, ya wuce zaure ya leƙa tsakar gida, zai ga abin da kakanni suka bari: turmi da taɓarya a jingine, randa a inuwa, akuya a turke, kaza da 'ya'yanta suna tono a gindin bango. Saniya ba ta da wuri a irin wannan gida, rago kuma sai mai hali. Kaza ita ce dabbar da ta rage wa talaka, galibi kuma mallakar mata da yara ce. Ita ce asusun gida: idan baƙo ya sauka a kama ɗaya, idan yaro ya kwanta ciwo a sayar da biyu.

2. Yadda aikin gida yake ciyar da kaza

Ɗalibai da yawa suna ɗaukar shara da wanke-wanke da surfe kamar horo ne da iyaye suke ɗora musu lokacin hutu. Bari mu bi waɗannan ayyuka ɗaya bayan ɗaya, mu ga inda suke ƙarewa.

Idan aka surfa gero ko dawa ko masara aka bakace, abin da ya fita shi ne dusa. Idan aka wanke surfen, ruwan da aka tsiyaye shi ne ƙasari. Idan aka niƙo aka tankaɗe, abin da ya rage a rariya shi ne tsaki. Idan aka kwashe tuwo, ƙanzo ya rage a gindin tukunya. Mai gyaran alayyafo ko zogale tana zubar da kauri da tsofaffin ganye. Duk waɗannan abincin kaza ne, ba a kuwa biya ko kwabo a kansu ba. Kaza ta ci, ta mayar da su ƙwai da nama. Kashinta kuma, idan aka share aka tara wuri guda ya ruɓe, taki ne mai ƙarfi ga shukar tumatir ko kuɓewa a tsohon bokiti. A da manoman karkarar Kano sukan shigo birni da jakai ɗauke da itace, su koma da takin gidajen birni zuwa gonakinsu. Gidan da yake zuba dusa da ƙanzo a kwata yana zubar da ƙwai ne bai sani ba.

Sai dai dusa ita kaɗai ba ta gina jiki. Kaza tana bukatar abubuwa huɗu. Na farko, abinci mai ba da ƙarfi, wato hatsi da tsaki da dusa. Na biyu, abinci mai gina jiki, wato ƙwari da gara da tsutsa, da ƙuli-ƙuli ko waken suya da aka soya aka daka, da ɓurɓushin busasshen kifi. Na uku, ɗanyen ganye. Na huɗu, sinadarin da ke gina ɓawon ƙwai, wanda ake samu a ƙashin da aka ƙona aka daka, ko a ɓawon ƙwan da aka gasa aka niƙe. A tabbata an niƙe shi sosai, don kada kaza ta gane shi ta koyi shan ƙwanta. A ƙauye kaza takan samo na biyu da na uku da kanta a bayan gida. A Ƙofar Ruwa, inda daɓen siminti ya rufe tsakar gida, dole mai ita ya kawo mata.

Gargaɗi guda game da abinci: kada a ba kaza hatsi ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna. A 1960 talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bincika sai aka gano garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Barazil ne ya yi fumfuna. Daga nan masana suka gano gubar da ake kira afalatoksin, wadda take lalata hantar tsuntsu da ta mutum. Abin da ya lalace har mutum ya ƙi shi saboda fumfuna, bai dace da kaza ba.

3. Kazar Hausa da lissafinta

Asalin kajin duniya duka wata kazar daji ce ta kudu maso gabashin Asiya. Wadda muke kira kazar Hausa ta daɗe a ƙasar nan har ta saba da zafinmu. Akwai durgu mai gajerun ƙafafu, akwai shazumama mai murɗaɗɗen gashi, akwai mai wuya ba gashi. Tana neman abincinta, tana gudun shaho, tana kwanci da kanta, naman ta kuma ya fi na kajin gidan gona daraja a kasuwa. Rauninta shi ne ƙarancin ƙwai. Sagara takan fara saka ƙwai tana da wata shida ko kusa da haka, a shekara kuma takan yi zubi uku ko huɗu, kowane zubi ƙwai 10 zuwa 15. Jimla ba ta cika wuce 40 zuwa 60 ba, alhali kazar gidan gona mai samun cikakken abinci tana iya haura 250.

Masana na ƙasarmu sun yi aiki a kan wannan. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fitar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown. Jami'ar Aikin Gona ta Abekuta ta fitar da FUNAAB Alpha. Akwai kuma Noiler da ake gani a gidaje da yawa. Waɗannan sun fi saurin girma da yawan ƙwai, amma sun fi ci, kuma ba su cika kwanci ba. Wanda bai iya riƙe kazar Hausa biyar da rai ba, kada ya yi gaggawar sayen waɗannan hamsin.

Ga lissafi na misali, ku bi shi da fensir. A ce gida yana da kaji mata 4 da zakara 1. Kowace ta yi zubi 3 a shekara, a kowane zubi aka bar mata ƙwai 10, ta ƙyanƙyashe 8. Ke nan 4 sau 3 sau 8, 'yan tsaki 96 a shekara. Idan 3 ne kaɗai cikin kowane 8 suka girma, gida ya sami kaji 36. Idan aka kula har 6 suka girma, gida ya sami 72. Ba a ƙara uwa ko ɗaya ba, ba a sayi sabon iri ba, amma amfani ya ninka. Darasin shi ne, ribar kiwon kaji na gida tana cikin hana mutuwa. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, domin sun saba ganin kazar akurki tana mutuwa kafin a more ta. Aikinmu shi ne mu sa kazar akurki ta zama abin dogara.

4. Akurki, ruwa da tsabta

Kaza ba ta kwana ɗaki ɗaya da mutane, ba ta kuma kwana a madafi. A yi mata akurki nata. Ba sai an kashe kuɗi da yawa ba: tsohon kwano da guntayen katako da ragar waya, irin waɗanda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa, sun isa. A ɗaga shi daga ƙasa kamar tsawon gwiwa saboda ruwan damina da ɓera. A bar wa iska hanya ta raga, amma a juya bayansa ga arewa maso gabas, inda iskar hunturu take fitowa. A gicciya sanda a ciki domin kaza tana son kwana a bisa, kowace a ba ta wurin da ya kai taƙi guda. Ƙofa ta zama mai rufuwa sosai saboda muzuru da gafiya. Rufin kwano yana zafi da bazara, saboda haka a ɗora masa tsohuwar tabarma ko zana.

Mazauna kusa da kasuwar ƙarafa su lura da abu biyu. Kada a bar kaji su yi tono inda ake zubar da baƙin mai ko ake fasa tsohon batirin mota, gama darmar da ke cikin batir guba ce, tana kuma iya bi ta ƙwai ta kai ga yaro. Kada kuma a zuba musu ruwa a galan ɗin da aka taɓa zuba mai ko maganin ƙwari.

Ruwa shi ne abin da aka fi mantawa. Kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne. Kaza tana shan ruwa kimanin ninki biyu na nauyin abincin da ta ci, da bazara kuwa, lokacin da zafin Kano yakan haura digiri 40, tana shan fiye da haka. A unguwar da ake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, akan bar kaza ta sha na kwata. Daga nan tsutsar ciki da zawo suke shiga. Kaji goma ba su fi ƙarfin lita uku ko huɗu a yini ba. A wanke kasko kowace safiya, a zuba sabon ruwa, a ajiye a inuwa. Ruwan da ya kwana biyu a kasko gidan sauro ne.

A share akurki aƙalla sau biyu a mako, a barbaɗa toka a ƙasa da cikin tsagogin katako, inda ƙuma take ɓuya da rana ta fito da dare ta sha jinin kaza. A ajiye tsohon baho da yashi gauraye da toka a busasshen wuri domin kaji su yi birgima a ciki. Wannan ne wankansu.

5. Kwanci da renon 'yan tsaki

Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 21, na zabuwa kwana 26 zuwa 28, na agwagwar da muka saba kiwo kuwa kwana 35. Shi ya sa ba a haɗa ƙwan kaza da na zabuwa rana ɗaya a gurbi guda: kaza za ta tashi da 'ya'yanta ta bar na zabuwa su huce. Mai son kaza ta ƙyanƙyashe masa zabi, kamar yadda ake yi da damina, sai ya sa mata na zabuwa zalla.

A zaɓi ƙwan da bai wuce mako guda ko kwana goma ba, mai tsabta, marar tsaga. A rubuta kwanan wata a jikinsa da fensir. Kada a cika wa ƙaramar kaza ƙwai fiye da yadda fikafikanta za su rufe. 8 zuwa 10 sun isa. Bayan kwana 7 zuwa 10 a ɗauki tocila da dare a haska kowane ƙwai. Mai rai za a ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo a ciki. Wanda ya fito fes a cire shi, tun bai zama ɓara-gurbi ya fashe ya ɓata sauran ba. A ajiye wa mai kwanci ruwa da abinci kusa.

Makonni shida na farko su ne lokacin da aka fi asara. Uwa takan ja 'ya'yanta cikin raɓa da kwata, shirwa ta ɗauki ɗaya, wani ya faɗa rami, wani sanyi ya kashe shi. Maganin wannan shi ne a kife uwa da 'ya'yanta da babban kwando ko keji na raga, a riƙa matsar da shi zuwa wuri mai tsabta kowace rana. A ba su tsaki mai laushi gauraye da ɗan dakakken ƙuli-ƙuli da yankakken ganye. A zuba ruwa a faranti marar zurfi, a jera tsakuwa a ciki don kada su nutse. Waɗanda suke zuwa ƙauye hutu su koyi dabarar manoma ta tara gara: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, a yayyafa ruwa, a kife ta a bakin suri da yamma, da safe a ɗauko a zazzage wa 'yan tsaki.

6. Annobar hunturu

Cutar da take share akurki lokacin sanyi ita ce likitocin dabbobi suke kira Niyukasil. An fara gane ta a 1926 a tsibirin Jawa na ƙasar Indonesiya da kuma garin Niyukasil na Ingila, inda ta samo sunanta. Alamominta su ne: kaza ta takure ta saki fikafikai kamar ta yafa mayafi, ta yi koren zawo, ta riƙa buɗe baki tana neman numfashi, wata kuma wuyanta ya murɗe ta riƙa juyi. A garken da ba a yi wa rigakafi ba tana iya kashe kusan duka.

Ƙwayar cutar bairos ce. Ma'anar wannan ita ce kafso ɗin da ake kwancewa a zuba a ruwa ba ya kashe ta, haka nan barkono da ɓawon maɗaci. Yawan ba kaji maganin mutane barkatai ma yana da nasa haɗari, domin yana koya wa waɗansu ƙwayoyin cuta jure wa magani, ranar da mutum ya bukace shi ya ƙi yi masa aiki.

Me ya sa ta fi yawa a ƙarshen shekara? Ƙwayar tana daɗewa da rai cikin sanyi. Lokacin ne kuma ake ta safarar kaji daga ƙauyuka zuwa kasuwannin birni saboda bukukuwa. Mai kaji da ya ga ɗaya ta fara takurewa yakan yi sauri ya kai sauran kasuwa, mai saye ya ga araha ya kawo gida ya sake ta cikin nasa. Cutar takan ɗauki kwana biyar ko shida, wani lokaci har mako biyu, kafin ta nuna, saboda haka kazar da take da kyan gani ranar kasuwa tana iya kasancewa ɗauke da ita.

Matakai huɗu ne suke tsare gida.

Na ɗaya, rigakafi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yin magungunan rigakafin wannan cuta. Cikinsu akwai Lasota, da kuma I-2 wanda masana na Jami'ar Kwinsland ta Ostareliya suka samar musamman domin kajin ƙauye, saboda ya fi jure zafi. Ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido, babba da ƙarama, a maimaita bayan kowane wata huɗu. Tsari mai kyau ga Kano shi ne Oktoba, Fabrairu da Yuni, na Oktoba kuwa shi ne wanda ba a wasa da shi, gama jiki yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya yi ƙarfi. Ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu. Kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa ba ta jiran gobe, don haka sai gidaje biyar ko goma su haɗa kuɗi su yi rana ɗaya. A nemi shawara a asibitin dabbobi na gwamnati ko wurin malaman gona na hukumar KNARDA.

Na biyu, duk sabuwar kaza, ko saye ko kyauta, a ware ta mako biyu a wani wuri dabam kafin ta haɗu da na gida.

Na uku, wadda ta nuna alamar ciwo a raba ta da sauran nan take, a wanke kaskon ruwa.

Na huɗu, wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone ta. Kada a jefa ta a kwata ko kududdufi ko kan juji, inda kare zai ja ta zuwa ƙofar wani.

7. Lafiyar mutanen gida

A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Ta shafi gonaki a Kano, a farkon 2007 kuma ta kashe wata mata a Legas. Ta sake ɓulla a Kano a 2015. Da ido ba a iya bambanta ta da Niyukasil, amma ita tana iya kama mutum. Saboda haka idan kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, kada a yi saurin yanka sauran a ci, kada yara su taɓa su, a sanar da jami'an lafiyar dabbobi.

Abu na biyu shi ne ɓera. Dusar da aka bari a buɗe da hatsin da ya kwana a ƙasa suna kiran ɓeraye, wani nau'in ɓera kuwa shi ne yake ɗauke da zazzaɓin Lassa. Mu a makarantun mishan ya kamata mu san wannan tarihi. A garin Lassa na ƙasar Borno aka fara gane cutar a 1969, sa'ad da ta kama Laura Wine, wata nas ta mishan, wadda ta rasu a Jos. A 1970 ta kashe Dokta Jeanette Troup, likitar mishan da ta yi ta fama da cutar a Jos. A zuba dusa a durom ko bokiti mai murfi, a ba kaji abin da za su cinye kafin magariba, a share ragowar.

Abu na uku shi ne yara masu rarrafe. Kashin kaza yana ɗauke da ƙwayoyin da suke sa zawo. A share tsakar gida kafin a ajiye yaro a ƙasa, a wanke hannu da sabulu bayan taɓa kaza ko akurki, a dafa ƙwai da nama su dahu sosai. Sa'an nan kada a sayar da ƙwan duka. Ƙwai guda yana da kimanin giram 6 na abinci mai gina jiki. Tsohuwar maganar nan cewa yaron da yake cin ƙwai zai zama ɓarawo ba ta da tushe, ta kuma hana yara da yawa abin da jikinsu yake bukata.

8. Kaza da maƙwabci

Kaza ba ta san iyakar gida ba. Ta shiga ta ci shanyar maƙwabciya, ta ɓata mata wanki, magana ta tashi har ta kai gaban mai unguwa. An ce kaza mai yawan tono ita take tono wuƙar yanka ta, amma sau da yawa zumuncin masu gida take yankawa. Idan maƙwabta sun baza shanya, a tsare kaji. Idan sun yi ɓarna, a je a ba da haƙuri kafin a kawo ƙara. Idan kazar wani ta yi ƙwai a gidanku, ƙwan nasa ne. A birni kamar Kano, inda Kirista da Musulmi suke shan ruwan famfo ɗaya, irin waɗannan ƙananan abubuwa suna gina zaman lafiya. Annoba kuma ba ta tambayar addinin mai akurki, don haka ranar rigakafi a gayyaci kowa.

9. Abin da bangaskiyarmu take koyarwa

Littafi Mai Tsarki bai raina aikin hannu ba. Dawuda kiwon tumakin mahaifinsa yake yi sa'ad da aka kira shi. Ubangijinmu Yesu an san shi da sana'ar sassaƙa a Nazarat, Manzo Bulus kuwa da ɗinkin tanti ya ciyar da kansa. A Matiyu 23:37, da Yesu ya so ya nuna irin ƙaunarsa ga mutanen Urushalima, kaza da 'ya'yanta ya ɗauka misali. Wanda ya taɓa ganin yadda kaza take tsayawa tsakanin shirwa da 'ya'yanta zai fahimci ayar fiye da wanda ya haddace ta kawai. Ku karanta kuma Karin Magana 27:23 da Luka 16:10, ku ga abin da suke faɗi a kan sanin halin dabbobinmu da riƙon amana a ƙaramin abu.

Wata magana ga 'yan'uwa maza. A gidaje da yawa yarinya ce take shara, ta ɗebo ruwa, ta yi wanke-wanke, ta ba kaji abinci, sa'an nan ta zauna karatu a gajiye, ɗan'uwanta kuwa yana filin ƙwallo. Jarrabawa ɗaya za su rubuta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tsintsiya ba ta rage wa namiji daraja, takardar sakandare kuma ba ta hana mutum sunkuyawa ya wanke kasko.

10. Tsarin aiki

Kowace safiya: a buɗe akurki, a ƙirga kaji, a duba ko akwai mai takurewa, a wanke kasko a zuba ruwa, a share tsakar gida.

Kowace yamma: a kwashe ƙwai, a watsa ɗan hatsi domin su saba dawowa gida, a ƙirga, a rufe, a wanke hannu.

Kowane mako: a share akurki sau biyu, a sa toka, a kai taki wurin tarawa.

Kowane wata huɗu: rigakafi.

Mai son zakarun sayarwa a Kirsimeti sai ya sa kwanci a watan Yuni, domin zakaran Hausa yana bukatar wata biyar zuwa shida. Mai nufin kasuwar Sallah ya tuna cewa tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, ya yi lissafinsa tun da wuri.

Kammalawa

Duk aikin da muka lissafta ba ya cin fiye da rabin awa a yini. Abin da yake bukata shi ne a yi shi kullum, ranar da ake so da ranar da ba a so. Ɗalibin da ya riƙe wannan a hutun bana zai ga amfaninsa a tukunyar gidansu da kuma a rasidin kuɗin makaranta. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu, amin.

Aikin hutu da tambayoyi

1. Ka ware shafi huɗu na littafin rubutu. Ka rubuta yawan kajin gidanku ranar da aka ba da hutu, ƙwan da aka samu kowace rana, waɗanda suka mutu da dalilin mutuwarsu. Ka kawo wa malamin aikin gona ranar dawowa.

2. Gida yana da kaji mata 5, kowace tana zubi 3 a shekara, tana ƙyanƙyashe 8. Nawa za su girma idan rabi suka mutu? Nawa za su girma idan kashi ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ya mutu?

3. Me ya sa kafso ba ya warkar da cutar Niyukasil?

4. An kawo wa mahaifiyarka kyautar zakara ranar 10 ga Disamba. Me za ka ba ta shawara ta yi da shi, kuma don me?

5. Ki lissafta ayyukan gidanku na yini guda, ki rubuta sunan mai yin kowanne. Rabon ya yi daidai? In bai yi ba, yaya za a gyara?